Murafun bawul na tsohuwar Porsche: rubutun aiki daga Garwa

Asabar, 14 ga Disamba 2024

Motar Porsche 911 ce ƙirar 1977, injin lita 2.7, silinda shida a kwance, uku hagu uku dama, kuma injin a bayan mota yake. Ba ta da lagireto. Iska da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya ta. Kawu ne ya saye ta tun shekarun 1980 a hannun wani Bafaranshe da ya yi aikin auduga a nan Garwa. Ya hau ta iya hawa, da gwiwoyi suka hana shi shiga mota mai gindi a ƙasa sai ya miƙo mini makulli da sharaɗi biyu: kada in sayar, kada kuma in bar kaji su mai da ita akurki.

Matsalarta yoyon mai. Tun damina nake shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, kullum da safe in tarar da layi biyu na ɗigo, ɗaya hagu ɗaya dama, daidai inda murafun bawul na ƙasa suke. Ɗigon da ke sauka ƙasa ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne wanda ke sauka a kan salansa. Bututun hayaƙin wannan mota a lulluɓe suke da wani akwatin ƙarfe da ke ɗumama iskar da ake turawa cikin mota lokacin sanyin Turai, to duk man da ya ɗiga a kai sai ya ƙone, warin ya biyo hanyar iskar ya shigo wa direba. In na tsaya a shataletale hayaƙi na tashi ta baya, 'yan moto su riƙa yi mini hon suna nuna mini wai na kama da wuta.

Murafun guda huɗu ne. Biyu a sama, gefen da iska da fetur ke shiga, kowanne da noti 6. Biyu a ƙasa, gefen hayaƙi, kowanne da noti 11. Jimla noti 34. Na ƙasan su ne ke shan wahala: suna kusa da zafin salansa, kuma mai yana taruwa a cikinsu. Nata na asali na magnesiyam ne, ƙarfe marar nauyi amma mai saurin lanƙwasa in zafi da ɗaurin ganganci suka haɗu a kansa. Maganin da masu irin wannan mota suka daɗe da sani shi ne a sa murafun ƙasa irin na 911 Turbo, waɗanda aka yi da alminiyam da haƙarƙari a bayansu don kada su karkace.

Shawarar da na yanke: na ƙasa biyu sababbi, na sama a duba su, in za su gyaru a bar su. Tunda kuma za a buɗe, a daidaita tazarar bawul gaba ɗaya, wato ɗan gibin da ke tsakanin kowane bawul da roka, ƙarfen da ke danna shi ya buɗe. A gida zan yi, ƙarƙashin rumfar kwano, kuma ina son a gama kafin azumi da zafin Maris, don ba mai kwanciya ƙarƙashin mota a Garwa in rana ta haura digiri 40.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na sa wani abokina ya zaga mini Camp Yabassi a Duwala, inda ake cewa ko kayan jirgi kake nema za ka samu. Toyota, Peugeot, Mercedes, duk akwai. Murfin bawul na 911 babu, kuma ban yi mamaki ba. Wani ya ce a kawo tsohon gaskit, abin da ake shimfiɗawa tsakanin murfi da mazauninsa don tare mai, ya yanka mana irinsa a takardar jwen, wato takardar gaskit. Da na sama ne kaɗai da na iya yarda, amma na ƙasa mai yake kwana a kansa.

Don haka na tura wa ƙanena da ke Beljiyam jerin kaya: murfin ƙasa biyu irin na Turbo, gaskit huɗu, noti 34 masu roba a ciki da washa 34 na alminiyam, matatar mai, da ɗan siririn ƙarfen awon tazara mai lanƙwasasshen kai wanda aka yi musamman don wannan inji. Ya kira ni yana dariya, wai noti ma sai daga Turai? Na ce masa notin akwai shi a kasuwa, M8 ne, sifana 13. Amma washan alminiyam mai taushi da ke lotsewa ya toshe bakin rami, da noti mai robar da ba ta taɓa shan zafi ba, su ne rabin aikin, kuma a cikin kwali ɗaya ake sayar da su da gaskit. Kuɗin kuwa, in ka tuna Yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai ne, gara kada maman yara ta ga rasit.

Abin da ya fi ba ni wuya a nan gida shi ne sifanar awon ɗauri. Waɗanda ke garejin unguwa manya ne, na ɗaure taya da kulas, wato kan silinda, ba sa ma fara ƙirga sai daga niyuton-mita 40. Ni kuwa 8 nake nema. Na ƙara ƙaramar a cikin jerin.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Kaya sun iso. Wani ɗan unguwarmu da ya zo hutu ya sauko da su Duwala, suka bi jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Ngawundare, daga can motar ajans ta kawo su Garwa. Kwalin ya sha matsa amma ba abin da ya fashe.

Na ɗora sababbin murafun a kan gilashi mai kauri da na karɓo wurin masu yin tebur. Sun zauna daram, ba rawa ta kowace kusurwa. Na ƙirga noti da washa, sun cika. Gaskit ɗin ƙasa suna da siririn layin silikon da aka zana musu tun daga masana'anta.

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gadar Binuwai da safe. Sanyin yana da daɗin aiki, amma ƙurar abin tsoro ce ga inji a buɗe. Na sayi leda mai kauri da yadin fari na rufe rumfar ta gefen gabas da arewa.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau aka fara taɓa mota. Ɗan wana, wanda ke aji na ƙarshe a makarantar koyon sana'a, shi ne mai miƙo kaya.

Da farko mai. Wannan inji ba ya tara mansa a gindinsa kamar sauran motoci. Tanki ne daban a cikin fiffiken baya na dama, famfo na ɗebowa yana mayarwa. Saboda haka wuri biyu ake kwancewa in za a yi juye: ƙasan tanki da ƙasan inji. Na ɗan tayar da ita mai ya yi ɗumi, na kashe, na cire kan batir. Na tanki shi ne mai zuwa da ƙarfi, kuma wanda ya tara masa ƙaramin galan zai yi wanka da shi. Babbar roba ta wanki muka sa, ta kusa cika: wajen lita 10. Akwai masu ɗaga gefe ɗaya na mota mai ya gangara ɗaya gefen su yi aiki ba tare da juye ba. Dabara ce mai kyau ga wanda mansa sabo ne. Nawa ya yi baƙi ƙirin, lokacinsa ya yi.

Muka ɗaga baya, muka sa ƙafafun ƙarfe biyu, muka cire tayoyin baya, muka danne na gaba da dutse. Jak kaɗai ba ya riƙe mini mota ina ƙarƙashinta, ko na minti ɗaya ne.

A sama, gefen hagu, sai da muka cire fankar ɗumama ɗaki da bututunta kafin hannu ya kai murfi. Yaron ya tambaye ni amfaninta.

«Baffa, wannan fa na mene ne?»

«Na hura zafi cikin mota.»

«A Garwa?»

Ya yi ta dariya har sifana ta faɗi. Muka zare wayoyin buji, wato fulogi, kowace na ɗaura mata tef da lambarta. Bujin kansu na bar su a ciki. Dalili: in ka kwance buji kafin ka auna tazara, ɓarɓashin gawayi na iya faɗawa ya maƙale a mazaunin bawul ɗin hayaƙi, bawul ya ƙi rufewa sarai, awonka ya zama ƙarya.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, mun wanke kewayen murafun da kananzir da buroshi, muka goge. Laka ce ta shekaru, mai da jar ƙasa sun haɗu sun zama kwalta. Na sama sun fito ba gardama. Na ƙasa kuwa labari ne. Notin da ya kamata a ce da yatsu uku a kan sifana ya juya, sai da na sa doguwar sanda. Wasu ba washa, wasu washan ƙarfe aka sa musu, biyu ma ba irin notin ba ne sam. Da notin suka fita murfin ya ƙi motsi, an manne shi da jan silikon. Ba a zura sukudireba tsakanin murfi da mazauninsa, don mazaunin alminiyam ne, in ka ƙwarzane shi ka saya wa kanka yoyon da ba gaskit ɗin da zai tare. Da gudumar roba muka riƙa bubbuga gefe a hankali har ya saki. Ko bayan juye akwai sauran mai a ciki, kusan kofin shayi a kowane gefe, kuma hannun riga yake nema.

Magariba ta yi, muka mayar da tsofaffin murafun da noti bibbiyu don ƙura, muka lulluɓe injin.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ranar dubawa, kuma ita ce ranar da ta fi amfani.

Tsohon murfin ƙasa na hagu a kan gilashi: in ka danna kusurwa ɗaya, ta can ta ɗaga. Na zura ƙarfen awo ta tsakiya, na milimita 0.5 ya shige ba tare da ya taɓa komai ba. Na dama ya ɗan fi shi dama-dama, amma kewayen kowane ramin noti ya lotsa ciki, tsakanin ramuka kuma ya kumburo. Tarihin murfin ke nan a rubuce: ya fara yoyo, wani ya ƙara ɗaurewa, ƙarfen ya lotsa a gindin noti ya ɗaga a tsakani, yoyo ya ƙaru, wani ya zo ya ƙara ɗaurewa ya haɗa da silikon. Kowane mai gyara da niyyar alheri ya zo, kowanne kuma ya bar murfin ya fi yadda ya same shi lalacewa.

Silikon ɗin ya fi ba ni haushi. Wanda aka matse ya fito waje ba komai, ana gani a ɓanɓare. Wanda ya matso ciki ya zama zare-zare yana lilo a gefen rokoki. Na tsince su da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan inji akwai siririn bututu mai ƙananan huji da ke fesa mai a kan kam, sandar mai kumburi-kumburi da ke tura rokoki, kuma ba sai abu ya kai ƙwayar gero ba zai toshe irin wannan huji. In ya toshe, kam da roka su ci juna. Na haska tocila na duba duk kumburin kam da ido ke iya kaiwa, sumul suke, ba zane ba rami. Alhamdu lillahi.

Sai babban abin da ke hana masu injin 2.7 barci. Gangar jikin injin, daga 1968 zuwa 1977, da magnesiyam aka yi ta. Dogayen sanduna masu zare guda 24, huɗu ga kowace silinda, su ke riƙe kulas da silinda a jikin gangar. In inji ya yi zafi silinda na buɗewa fiye da sandunan, sai su riƙa jan zaren da ke cikin magnesiyam har wata rana ya tsige. Kawunan notin sandunan nan ba a ganinsu sai an cire murafun bawul: 12 ta sama, 12 ta ƙasa. Wanda ya buɗe murfi ya rufe bai duba su ba ya yi asarar buɗewa.

Da makulli mai kusurwa shida, lamba 10, na bi su ɗaya-ɗaya da sifanar awo da na aro, a ƙarfin da littafin motar ya ba su, wanda ya ninka na murfi kusan sau huɗu. Guda 23 ba su motsa ba. Ɗaya, na ƙasa a silinda ta 5, ya ɗan juya kaɗan kafin ya tsaya ya riƙe. Da ya ci gaba da juyawa ba tsayawa, da zaren ya tafi ke nan, sai sauke inji a raba ganga a sa mata sababbin zare na ƙarfe. Tunda ya riƙe, na ɗiga masa farin fenti, na rubuta a littafi. Na duba mahaɗar kulas da silinda a wurin, ba baƙin hayaƙi, kuma motar ba ta taɓa yin wannan ƙarar fat-fat da ake ji in kulas ya ɗaga ba. Zan sa masa ido.

Asabar, 25 ga Janairu

Ɗaya daga ƙananan sandunan da murfin ƙasa na dama ke ɗauruwa a kai zarensa ya cinye, sabon noti ba ya kama shi. Na haɗa noti biyu a sauran zaren da ya rage, na ɗaure su da juna, na juya na cikin, sandar ta fito lafiya. Zaren cikin mazaunin bai taɓu ba. Na kai ta wurin masu injin sassaƙar ƙarfe, aka samo mini irinta daidai tsawo, na sa da ɗigon gam ɗin zare. Sauran ranar ta tafi a kankare ragowar tsohon gaskit da silikon daga mazaunai huɗu, da abin kankara na roba da haƙuri. Wuta ta ɗauke da la'asar, muka ƙarasa da tocilar goshi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Murafun sama. Su ma sun ɗan karkace amma kaɗan, don ba sa shan zafin da na ƙasa ke sha. Na manna sanfefa mai laushi a kan gilashin, na zana baƙar maka a duk fuskar murfin da ke haɗuwa da gaskit, na ɗiga mai kaɗan a takardar, na riƙa zagayawa da murfin a siffar lamba 8 ba tare da dannawa ba. Inda maka ta goge nan ne tudu, inda ta rage nan ne kwari. Ana ci gaba har baƙin ya ɓace ko'ina, daga nan a tsaya. Kowanne ya ci kusan rabin awa.

Man da ake ɗigawa ba don santsi kaɗai ba ne. Garin magnesiyam yana kama wuta, kuma ruwa ba ya kashe ta, sai ma ya ƙara mata ƙarfi. Na kori mai dafa mana shayi da gawayinsa zuwa zaure, tsummokaran da na goge da su kuma na binne su a yashi a bayan gida.

Yaron ya so a fesa musu jan fenti. Na ce baƙi suka zo, baƙi za su koma.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Tazarar bawul. Ana yin ta inji na sanyi sarai, to wannan mako biyu ke nan ba a tayar da shi ba. Awon milimita 0.10 ne, na shiga da na fita duk ɗaya.

Lambobin silinda, in kana tsaye a bayan mota: hagu 1, 2, 3, dama 4, 5, 6, kuma 1 da 4 su ne mafi kusa da kai. Tsarin tashin wuta 1-6-2-4-3-5. A jikin fulin ƙasa, faifan da ke jan fanbel, akwai tsaga uku, tsakanin kowace da 'yar'uwarta digiri 120, ɗaya an rubuta mata Z1. Ana juya inji ta notin fanka, hannun agogo, ana danna fanbel da ɗaya hannun don kada ya zame, har Z1 ta daidaita da alamar da ke jikin gidan fanka. A buɗe hular delko, mai raba wa buji wuta: in hancin rota na kallon tsagar da ke bakin delko, silinda ta 1 ce a sama. A auna bawul ɗinta biyu, na sama da na ƙasa. A juya zuwa tsaga ta gaba, silinda ta 6. Ta gaba, 2. Z1 ta sake zuwa, wannan karon ta 4 ce. Sai 3, sai 5. Zagaye biyu na fuli ke nan, bawul 12.

A faɗe da sauƙi. A aikace, wurin da ake zura ƙarfen awon ba a ganinsa, musamman na sama a silinda ta 3 da ta 6 da ke can ciki kusa da bangon kujerun baya. Da yatsa ake gani. Kuma 0.10 siriri ne ƙwarai, da ka matsa masa ya lanƙwashe. Shi ya sa ake sayar da shi da ƙarin ruwan wuƙa a cikin leda, kuma na ga amfaninsu.

Abin da ake nema shi ne ƙarfen ya shiga ya fita da ɗan ja, kamar zare takardar kuɗi daga tsakiyar littafi a rufe. A kwance notin kulle da sifana 13, a juya sukurun da sukudireba, a riƙe shi, a ɗaure notin. Matsalar ita ce ɗaure notin yakan ja sukurun ya rage tazarar, don haka bayan kowane ɗauri sai an sake aunawa. Ni ina ƙasa ina yin na hayaƙi, yaron yana sama yana juya inji yana kiran lamba.

Abin da muka samu: na shiga yawancinsu sun ɗan buɗe fiye da ƙa'ida, shi ne wannan kas-kas da ake ji da safe. Na hayaƙi biyu, a silinda ta 2 da ta 4, sun matse har ƙarfen ya ƙi shiga. Waɗannan su ne masu haɗari duk da ba sa ƙara. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna a mazauninsa. In tazara ta ƙare, inji ya yi zafi, ba ya zama sosai, sai bakinsa ya ƙone. Mai ƙara yana damun kunne, marar ƙara yana cin kulas.

Da muka gama muka sake zagayawa duka 12 daga farko. Ɗaya ya buƙaci a sake taɓa shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar rufewa. Baba makaniki, maƙwabcinmu da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan Peugeot 504 da Land Cruiser, ya jawo kujerarsa ya zo kallo. Ya ɗauki sabon murfi ya juya shi, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarin da farce, ya gyaɗa kai. Da ya ga na ɗauki gaskit zan sa a bushe sai ya miƙe zaune.

«Ɗana, ba za ka shafa masa komai ba?»

«Baba, haka aka ce a sa shi. Fuska biyun a miƙe suke, a wanke suke.»

«Jwen ba pat? To, motarka ce.»

Na goge mazaunai da feshin wanke birki har farin tsumma ya daina canza launi. Gaskit ya hau sanduna, murfi ya bi, washa, noti. Duka da hannu tukuna har kowanne ya taɓa. Sannan da sifanar awo, daga tsakiya zuwa gefe, sama da ƙasa a gicciye, zagayen farko a rabin ƙarfi, na biyu a niyuton-mita 8. Takwas ba komai ba ne. Sifanar na yin ƙas tun hannu bai san ya fara aiki ba, kuma duk jikinka na gaya maka ka ƙara. Bayan zagaye na biyu na sake bi, don in na tsakiya suka zauna gaskit ya kwanta, na farko sukan saki kaɗan.

Baba ya karɓi sifanar ya gwada a noti ɗaya. Ta yi ƙas. Ya dube ni.

«Shi ke nan? Wannan ai jikata ma za ta kwance shi.»

«Robar cikin notin ce ke hana shi kwancewa, Baba, ba ƙarfin ɗauri ba.»

Na ɗauko masa tsohon murfin na ɗora a gilashi, na danna kusurwa. Ya daɗe yana kallon yadda yake rawa, ya shafa lotsawar da ke gindin ramukan da babban yatsa. Bai ce na yi gaskiya ba, kuma ban sa ran zai ce ba. Cewa ya yi a zamaninsu ba a samun sabon murfi, abin da ke hannu shi ake lallaɓawa, kuma motar da ya ɗaure ba ta taɓa barin mai ita a daji ba. Wannan ma gaskiya ne. Wanda ke gyaran motar haya da za ta tafi Marwa gobe da asuba ba shi da mako uku na jiran kwali daga Beljiyam.

Buji shida sababbi, wayoyi kowace a lambarta, fankar ɗumama ɗaki ta koma wurinta duk da rashin aikin yi. Sabuwar matata, sababbin washa a notin juye biyu.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hutun ranar matasa, gari ya tafi kallon fareti, unguwa shiru. Na zuba lita 9 na 20W-50, na mayar da kan batir. Ta tashi a bugu na biyu, fitilar mai ta mutu nan take, allurar matsin mai ta hau. Hayaƙi ya tashi daga salansa na kusan minti goma, tsohon man da ya jiƙe akwatunan ne ke ƙonewa, sannan ya ɗauke. Kas-kas ɗin ya koma wani siririn sauti mai tsari.

Awon mai a wannan mota ya saɓa wa na sauran. Ba a aunawa inji a kashe. Sai ya yi zafi, allura ta kai wajen digiri 80, mota a wuri mai daidai, inji na aiki a salo ba a taka totur ba, sannan a zare sandar awo daga bakin tanki. Wanda ya auna da sanyi zai ga kamar babu mai, ya ƙara, ya cika tanki fiye da kima, rarar ta bi bututun numfashi ta shiga akwatin iska, mota ta yi ta hayaƙi a rasa dalili. Na ƙara kaɗan-kaɗan har ya tsaya tsakiyar alamomin biyu, na bar shi nan.

Na kwanta da tocila inji na aiki. Gefen murafun huɗu a bushe. Sabon kwali a ƙasa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Gwajin hanya. Na sha mai a gidan mai, don injin nan mai tsarin fesa fetur na Bosch K-Jetronic ne, kuma kan rabon fetur ɗinsa ba ya yafe datti ko ruwa. Fetur ɗin bakin titi da ake kira zuwa-zuwa ya fi araha, amma na bar wa moto. Na ɗauki Kawu muka nufi Pitoa, ranar kasuwa, hanya cike da shanu da manyan motoci, ba wurin gudu. Da muka wuce kasuwar na ɗan sake mata. Kawu ya sunkuya yana shinshina wajen ƙafarsa.

«Warin ya tafi,» in ji shi. «Amma allurar zafin nan ta fi yadda na sani hawa.»

Ya fi ni sanin motar. Allurar ta ɗan haura inda take zama, ko da yake ba ta kusanci ja ba, kuma rana ta fara zafi. Fankar da ke kanta mai fiffike 5 ce, irin da aka sa wa motocin 1976 da 1977, alhali na kafinsu da na bayansu 11 gare su. A Jamus wataƙila ba a damu ba. A nan, da gangar magnesiyam da noti mai farin fenti a silinda ta 5, abin dubawa ne.

Da inji ya huce da daddare na bi noti 34 da sifanar awo. Na ƙasa guda biyar sun ɗan karɓa, sauran suna nan yadda aka bar su.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kwali bayan kwanaki a ƙarƙashinta: hagu fes. Dama akwai ɗigo ɗaya, ƙarami, amma ba a layin murfi yake ba, ya fi matsawa ciki. Na bi sawunsa da tocila zuwa sama. Murfin a bushe yake. Man yana fitowa ne daga bakin ɗaya daga bututu huɗu da ke mayar da mai daga gidan kam zuwa ganga, biyu a kowane gefe. Zoben robar da ke bakinsa ya bushe. Da can yoyon murfi ne ya rufe shi ba a gani.

Irin na asalin ba sa shiga ko fita lafiya sai an kwance gidan kam, amma akwai masu gaɓa biyu da ke shiga cikin juna: a murƙushe tsohon a zare, a sa sabon a buɗe shi a wurin, a kulle da zobe. Na tura wa ƙanena saƙo ya nemo guda huɗu da zobbansu, tunda in ɗaya ya bushe sauran ma suna hanya, ya kuma tambayo mini kuɗin fanka mai fiffike 11 da fulinta, ko ta hannu ce. Azumi saura mako guda, don haka aikin bututun sai bayan salla, da sassafe kafin rana ta ɗaga. Notin silinda ta 5 kuma zan sake gwada shi a juye na gaba, wanda ke nufin murfin ƙasa na dama zai sake fita, don haka na ce ya haɗo da gaskit ɗaya na ƙari.